Tsinken Da Ya Koma Ruwan Hoda

Litinin, 3 ga Afrilu 1995, bayan la'asar

Littafin rubuta sakamakon gwaji ne wannan, na ɗauko shi daga wurin aiki saboda ruwa ya ɓata shafukansa na farko. Zan riƙa rubuta yadda jikin matata Zulai yake kwana da yadda yake wuni, don in mun koma Zariya in miƙa wa Dokta Jabiru abu a rubuce, ba "da sauƙi" ba.

Yau ta sha ƙwayar firednisolon biyu da safe, kamar yadda ya tsara. Yatsu da gwiwoyi sun ɗan kumbura. Tabon kumatunta ya ƙara duhu. Ta ci rabin malmalar tuwo.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina duba jini da fitsarin mutanen Yelwa a ɗan asibitin nan namu. 'Yan tasha Likitan Fitsari suke ce mini, ina ji, ba na tankawa. Amma lokacin da Zulai ta shekara biyu tana ciwo, ta yi ɓari uku, gashinta yana zuba, likitocin gaskiyan me suka ce? Wannan ya ce taifot, wancan ya ce ciwon sanyi, aka yi ta ɗura mata kafso har bakinta ya yi gyambo. Inna Dudu, mahaifiyarta, ta ce mutanen ruwa ne. Ita tun da tafkin madatsar ruwa ya cinye tsohon garinsu take ɗora wa ruwa laifin kome. Likitan Fitsarin ne dai ya ce a'a, ya ɗauke ta sai Zariya bara. Can aka ce lufus ne, wato jikinta ne ke yaƙi da kansa.

Laraba, 5 ga Afrilu, da hantsi

Na sake karanta takardar da Dokta Jabiru ya ba ni ranar da za mu taho. Shafi shida ne da aka ɗauko hotonsu daga wata mujallar likitoci ta ƙasar waje. Da zai ba ni cewa ya yi, "Kai mutumin ɗakin gwaji ne, za ka ji daɗin wannan." Ba wanda ya taɓa ba ni takarda irin wannan a matsayin abokin aiki, shi ya sa na sa ta cikin leda.

Jiya na yi wa Zulai bayaninta. Na ce a cikin jini akwai sojoji, fararen ƙwayoyin jini. In cuta ta shigo sai su fesa mata wata iska da ake kira naitirik oksaid, ta ƙone ta. A jikin mai lufus sojojin sun ruɗe, sai su yi ta fesa iskar a gaɓoɓi da ƙoda da fata, alhali ba wata cuta a wurin. An gwada a jikin ɓeraye masu irin ciwon, aka ga kafin ƙodarsu ta lalace iskar tana yawaita. Ita iskar ba ta daɗewa, nan take take ɓacewa, amma tana barin toka iri biyu a fitsari.

Zulai 'yar masu bandar kifi ce daga Wara, sai ta ce, "To ai hayaƙi na, Malam. Kaɗan shi gyara kihi, in yay yi yawa shi maishe shi gawayi."

Na ce wallahi ta fi masu takardar iya bayani. Ta ce to a ba ta albashinsu.

Juma'a, 7 ga Afrilu, kafin masallaci

Ta kwana da ciwon baya da kasala. Na ɗauki fitsarinta na tsoma tsinken gwaji, irin mai gidaje-gidajen nan da kowane gida ke sauya launi. Gidan naitirait ya koma ruwan hoda.

Naitirait. Sunan da ke cikin takardar ke nan, ɗaya daga cikin tokar nan biyu. Na tsoma tsinke na biyu, shi ma haka. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da suka kama a jikin ɓera da injinan da ban taɓa gani ba, ni na kama shi a Yelwa da tsinke, kafin ya taɓa mata ƙoda.

Bari in faɗi gaskiya tunda littafina ne: murna na yi. Matata na kwance, ni ina tsaye da tsinke a hannu ina jin daɗi.

Juma'a, bayan magariba

Tun a Zariya Dokta ya ce in ciwon ya taso kuma ba halin zuwa, a ɗaga ƙwaya daga biyu zuwa takwas har mako guda. Maganin yana kwantar da sojojin ne, su daina fesa iskar. Wayar ofis ta mutu tun azumi, mai kuma ya yi wuya, motar Zariya sai an yi kwanaki kafin a samu. Na rubuta masa wasiƙa na ba Maikuɗi, direban motar albasa, ya ce yana samun mai zai tashi.

Takwas daga gobe.

Lahadi, 9 ga Afrilu, da azahar

Takwas. Kumburin yatsu ya sauka.

Litinin, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Takwas. Na dawo daga aiki na tarar ta yi shara, ta dafa miyar ɗanyen kifi, tana zaune a inuwar zaure tana tsefe kai. Ta ci abinci sau huɗu. Ta ce in ta warke so take in kai ta Wara a jirgin ruwa, ta zauna a bakin ruwa da rana tsaka, ta rama duk ranar da na hana ta sha. Na ce rana ce ke tayar da ciwon. Ta ce, "Kai dai komi sai ka hana. Da iska ta hannunka ta, da awo za ka ba mu."

Rabon da in ji tana tsokanata haka tun kafin ɓarin ƙarshe.

Talata, 11 ga Afrilu, da hantsi

Raina a ɓace yake.

Sista Zipora, nas ɗinmu, ta shigo karɓar sakamako ta ga tsinken Zulai na yau a kan tebur. Shekara tara muna aiki tare, mutuniyar kirki ce, amma ba ta iya ganin abu ta wuce.

Ta ce, "Malam Tanimu, na wa ne wannan? Ai ƙwayoyin cuta ne a mafitsara."

Na ce na Zulai ne, kuma ba abin da take zato ba ne. Na ciro takardar na fara yi mata bayanin iskar.

Ta ce, "Ni ban san ɓera ba. Abin da na sani, kullum tsinke ya yi hoda kai da kanka kake rubuta cuta, mu ba da magani. Ka sa fitsarin a madubin duba ƙwayoyin cuta mana, minti nawa ne?"

Na ce shekara biyu ana ce mata cuta, cuta, ana ɗura mata kafso, saura kaɗan a kashe ta. Na ce ba zazzaɓi a jikinta, ba zafin fitsari sosai, ga shi ta miƙe da magani. Na ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Wannan bai kamata in faɗa ba, amma na faɗa.

Ta ɗauki takardunta ta ce, "Maganin nan yana ɓoye zazzaɓi, ka fi ni sani. Allah ya ba ta lafiya." Ta fita ta bar ƙofa a buɗe.

Ban sa shi a madubi ba. Mutane sun yi yawa yau.

Alhamis, 13 ga Afrilu, da asuba

Takwas. Hoda.

Alhamis, da la'asar

Yau ce ranar da likitanmu ke zuwa daga Kwantagora. Shi ne mai taifot ɗin nan na shekarar farko. Mun gaisa, ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi.

Asabar, 15 ga Afrilu, da azahar

Mako ya cika, tsinke bai sauya ba, sai ma ƙara turuwa da launin ya yi. Ciwon bayan ya dawo, ya koma kwiɓin dama. Ba ta yi shara ba yau. In toka ta ƙaru, wutar ce ba ta mutu ba. Takwas bai isa ba ke nan.

Maikuɗi bai tashi ba sai shekaranjiya.

Sha biyu daga gobe. Wannan ba Dokta ne ya faɗa ba, ni na faɗa.

Litinin, 17 ga Afrilu, bayan la'asar

Inna Dudu ta iso a jirgin kasuwa, da ƙullin busasshen kifi da wani saiwa a bakin zane. Ban aika mata ba. Ta ce mafarki ta yi.

Ita ta zubar da fo ɗin Zulai, ta dawo ta same ni a zaure ta ce, "Malam, hitsarin ɗiyag ga wari shikai. Kuma ya yi kauri awa ruwan tsari. Can gida in mace tay yi haka, saiwag ga muka jiƙa mata."

Na ce Inna a bar saiwa, kada ta haɗu da maganin asibiti. Ta ce to, ni na yi karatu. Ta mayar da ita bakin zane ta ƙulle. Ba ta taɓa yi mini musu ba tun da na kai 'yarta Zariya. A Wara har labarina take bayarwa.

Sha biyu.

Talata, 18 ga Afrilu, da hantsi

Rawar ɗari ta kama ta bayan sallar asuba, a cikin zafin nan na bazara, har gadon yana motsi. Na ɗebi jini a yatsa na duba zazzaɓin sauro. Babu. Na sake shafa wani gilashin na duba. Babu.

Kwalbar fitsarin tana nan kusa da madubin tun safe. Na ɗaga ta sau biyu na ajiye.

Laraba, 19 ga Afrilu

Ban duba ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zan rubuta yadda aka yi, daki-daki.

Ina cikin aiki Zipora ta shigo da gilashi an riga an ɗiga abu an rufe. Tun ranar nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta ce, "Malam Tanimu, duba mini wannan da sauri, mai shi tana jin jiki." Na karɓa ban ko ɗaga kai ba, na sa a madubi, na juya.

Ban yi daƙiƙa biyar ba. Filin madubin cike da ruwan mugunya, ƙwayoyin cuta kuwa suna ta iyo kamar ƙananan kifin warangi a cikin taru. Ga kuma abubuwan nan masu kama da ƙananan sanduna da ke nuna abin ya hau ƙoda. Na ce, "Sista, wannan ta daɗe da shi. Wa ya bar ta haka? A fara mata allura yanzu-yanzu, kada a jira likita. Wace ce?"

Na ɗago na dubi Zipora. Idonta ya yi ja.

Ta biya ta gidana ne da safe bayan na fito, Inna ta ba ta fitsarin Zulai.

Alhamis, da la'asar

An kwantar da ita a gado na uku, an sa ƙarin ruwa, an fara allura. Likitan Kwantagora ya duba ta. Ya tambayi ƙwaya nawa take sha, na faɗa. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya tambayi wa ya ce, na sunkuyar da kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce sojojin jikinta an kwantar da su mako biyu cuta tana ci ba mai tare ta. Ya ce kuma ba a yanke maganin nan lokaci ɗaya, in an yanke jiki zai faɗi, dole a ci gaba da ba ta.

Don haka da hannuna na sake ba ta.

Juma'a, 21 ga Afrilu, bayan masallaci

Na ciro takardar daga leda. Shafi na biyu akwai wani sashe da ƙananan haruffa, inda suka bayyana yadda suka yi gwajin. Hoton wurin bai fito sosai ba, kullum tsallake shi nake yi in tafi wurin sakamako. Yau na kai shi bakin taga na karanta.

Tokar da iskar ke bari a fitsari kusan duk ɗayar ce, naitiret, wadda tsinke ba ya gani. Kafin su auna ta sai da suka zuba wani sinadari da aka ciro daga ƙwayoyin cuta, ya juya ta ta koma naitirait. Wato fitsari ba ya sa tsinke ya yi hoda sai da ƙwayoyin cuta a ciki. Abin da aka koya mini ke nan a shekarar farko a makaranta. Abin da nake rubutawa ke nan kowace rana ta Allah.

Layi huɗu ne. Ni da aikina shi ne yadda ake gwaji, wurin yadda ake gwaji na tsallake.

Asabar, 22 ga Afrilu, da hantsi

Fitsarin da ta yi tun jiya bai cika kofin shayi ba. Ƙafafu sun kumbura. Likita ya aiko a sauya allurar, wadda ake yi tana wahalar da ƙoda. Wadda ya ce a koma babu ita a Yelwa, Zipora ta aika ƙaninta Kwantagora a babur.

Na je tasha neman motar Zariya. Motoci na jere a gidan mai tun Laraba. Wani ya ce, "Likitan Fitsari, yau kai ad da neman taimako?" Da wasa ya faɗa. Da ya ga fuskata ya tashi ya bi ni muna tambaya tare. Zipora ta ce ko an samu motar ba ta jin Zulai za ta kai ko Tegina, balle Zariya.

Lahadi, 23 ga Afrilu, da azahar

Ta farka sosai na ɗan lokaci, ta gane ni. Na ce Zulai ina da magana. Na fara, na ce tsinken nan, sai ta ce, "Hayaƙin na ko? Ya yi yawa."

Na ce ba hayaƙin ba ne.

Ta ce, "Bari, Malam. Ka gaji. Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ta rufe ido. Ban ƙarasa ba, kuma na ji sanyi a raina da ta katse ni. Wannan ma na rubuta shi.

Litinin, 24 ga Afrilu, da la'asar

Tana kiran sunayen mutanen Wara da ban sani ba. Ta ce a janye jirgi daga rana.

Talata, 25 ga Afrilu

Allurar ta iso.

Laraba, 26 ga Afrilu, bayan azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi. An kai ta kafin azahar.

Asabar, 29 ga Afrilu, da la'asar

Masu gaisuwa suna ta zuwa, daga Wara, daga Ngaski, har abokan aikinmu na Shanga. Kowa ya zauna sai ya ce ciwon nan da ma ba ya warkewa, na yi ƙoƙari. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Na san kwana ne ya ƙare. Na yarda da wannan, ban taɓa shakka ba. Amma na san kuma ta wace ƙofa aka shigo.

Zipora ta zo da mijinta Baƙo, sun kawo buhun gero. Ta durƙusa ta yi wa Inna gaisuwa, ta yi mini. Ba ta faɗa wa kowa ba, na gani a fuskokin mutane. Da za ta tafi na bi ta zaure na ce Sista ki yafe mini maganar da na faɗa miki. Ta ce, "Ni ma kwana tara na yi ina fushi, ban je gidan ba. Kowa da nasa, Malam Tanimu."

Maikuɗi ya dawo jiya da amsar Dokta Jabiru. Tana aljihuna, ban buɗe ba. Na san abin da ke ciki.

Laraba, 3 ga Mayu, da hantsi

An yi addu'ar bakwai. Inna Dudu za ta bi jirgin azahar.

Na yi niyyar in gaya mata. Tun asuba nake shirya maganar, na ce ko za ta tsine mini gara ta sani. Na same ta a ɗakin Zulai tana naɗe kaya. Na durƙusa na ce Inna.

Ta riga ni. Ta kwance bakin zaninta ta ciro kwalbar maganin, saura 'yan kaɗan a ciki, ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ga sauran, ko wani na buƙata. Malam, in gaya maka don ranka shi yi sanyi. Ko rana guda ba ta ƙetare ba. Ranar da anka yi rawar ɗarin nan kana wurin aiki, ta amayar da su duka. Nic ce ta bari sai gobe. Tac ce a'a, Malam ya ce sha biyu. Ta sa ni na daka wasu na dama mata cikin kunu, tana sha tana kuka, hat ta shanye."

Ta dafa kaina, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Ba don iliminka ba da tun bara munka rasa ta. Allah shi biya ka."

Na ce amin.

Na raka ta bakin ruwa, na riƙe mata kaya har ta shiga jirgi. Ruwa ya ja baya sosai, sai da muka taka laka. Ban faɗa ba. Ba tausayinta ne ya hana ni ba, tsoro ne.

Alhamis, 4 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Na koma aiki. Kwalba ta huɗu ta wata mata ce daga Shanga, ban san ta ba. Tsinke ya yi hoda. Na sa a madubi, na duba, na rubuta, na miƙa wa Zipora ta taga.

Na dubi agogo. Minti shida ya ɗauke ni.